Harafi Guda Da Ya Ci Mana Shekara Talatin

 A 'yan watannin nan ƙannenmu da dama, waɗanda suka gama digiri na farko suka kuma sauke nauyin bautar ƙasa, sun sha tarar mu da tambaya guda, watau ko ya kamata su koma jami'a neman digiri na biyu, in kuwa sun koma, mene ne za su taras a can. Mu kan ba su amsa a tsaitsaye, a ƙofar masallaci ko a wurin ɗaurin aure, amsar da ba ta gamsar da su ba, mu ma ba ta gamsar da mu ba. Don haka muka ga ya kyautu mu zauna mu rubuta abin da ya same mu a wannan tafarki, har da wurin da muka yi tuntuɓe, domin mai zuwa a baya ya san inda ramin ya ke.

Mu dai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya muka yi namu karatun, a harabar Samaru da ke kan hanyar Funtuwa. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa wannan jami'a, aka buɗe ta ran 4 ga Oktoba, 1962, da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a matsayin ubanta na farko. An harhaɗa ta ne daga makarantun da ke akwai tun kafin nan: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zauna reshen Zariya har ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. A 1975 ne Gwamnatin Tarayya ta karɓi ragamarta. Abin lura shi ne, tun asali an kafa ta ne domin yankin da ta ke zaune a cikinsa, ta san ƙasarsa da amfanin gonarsa da harsunansa da tarihinsa. Tsakanin Samaru da cikin ganuwar Zazzau tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan a mota, amma a wajen ilmi akwai ɗalibai da yawa da su kan shiga jami'ar su fita ba su taɓa yin wannan tafiya ba.

Mun shiga a 2019, a fannin tarihi, muna kuma koyarwa a wata makarantar sakandare, ga iyali. Ga wanda bai sani ba, karatun digiri na biyu hawa-hawa ne. Da farko akwai shekara guda ta ɗaukar darasi da jarrabawa, inda a ke koya wa ɗalibi hanyoyin bincike. Sa'an nan ya zaɓi abin da zai bincika, a haɗa shi da malaman da za su riƙa duba aikinsa, ya rubuta ƙudurin bincike ya kare shi a gaban malaman sashe. In an amince, sai ya fita neman bayanai, ya rubuta babi-babi, ya gabatar da abin da ya samu a taron ƙara wa juna sani. Daga ƙarshe a gayyato wani shaihin malami daga wata jami'a, ya karanta kundin, ya yi wa ɗalibi tambayoyi baki da baki. Bambancin wannan da digiri na farko shi ne, can ana tambayar ka abin da malami ya faɗa, nan kuwa ana tambayar ka abin da kai ka gano, da kuma hujjarka a kai. Babu mai tsayawa a kanka da bulala. In ka ga dama ka yi wata uku ba ka rubuta layi guda ba, babu mai aiko maka da sammaci, sai dai shekara ta juyo ka sake biyan kuɗin rajista.

Wanda ya shiga fannin tarihi a Zariya ya shiga gida ne mai magabata. A 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oxford ta Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya bayyana ra'ayinsa cewa Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar in ban da labarin Turawan da suka shigo ta. Alhali kuwa a daidai lokacin nan akwai mutanen da ke zaune a Ibadan da Sakkwato da Zariya suna karanta takardun da suka ƙaryata shi. Farfesa Kenneth Dike ya riga ya assasa gidan adana takardun tarihi na ƙasa tun 1954. H. F. C. Smith, wanda ya musulunta daga baya aka san shi da Abdullahi Smith, ya taso daga Ibadan ya kafa sashen tarihi a Zariya a 1962, ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa wanda ya tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci masu yawa, sa'an nan ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana ɗaukar karatu a wurin Waziri Junaidu, yana duba takardun gidan Waziri, har ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na uku a Zariya a kan tarihin Katsina, aka buga shi littafi a 1981. Dukansu sun nuna abu guda: tarihin ƙasar nan yana nan a rubuce, a cikin gafakokin malamai, da tawadar kakanninmu.

Mu kuwa abin da muka zaɓa ƙarami ne. Mun so mu san yadda littattafan shugabannin jihadi, watau Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, suka bazu a garuruwan ƙasar Zazzau cikin ƙarni na 19, wa ya kwafe su, yaushe, kuma a wane gida. A zamanin da babu injin buga littafi, in mutum yana son littafi sai ya aro ya kwafa da hannunsa, ko ya biya marubuci ya kwafa masa. Sau da yawa in mai kwafa ya kai ƙarshe, ya kan rubuta 'yan layuka a warƙar ƙarshe, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da ranar da ya gama da shekarar, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Waɗannan 'yan layuka su ne abin farautarmu. Mun yi watanni muna bin su a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da tarin rubuce-rubucen sashen tarihi, da Gidan Arewa, da gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. A nan muka koyi karanta rubutun Magribi, inda a ke sa wa harafin fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo guda a sama. Muka koyi ɗaga takarda wajen haske mu ga alamar jinjirin wata uku da ke cikin jikinta, shaidar cewa a arewacin Italiya aka yi ta, ta biyo ta Masar ko Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso hannun malaminmu.

Amma malamin da ke duba aikinmu ya faɗa mana tun farko cewa abin da ke hannun hukuma kaɗan ne a kan abin da ke gidajen mutane. Wannan ne ya kai mu wani gari a ƙasar Zazzau, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, gidan wani dattijo da ya ba shekara 80 baya, yana zaune a kan buzu a zaurensa, yana biya wa magidanta littattafan fiƙihu da nahawu bayan sallar asuba da bayan la'asar. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka miƙa takardar gabatarwa da muka taho da ita daga jami'a. Bai ko buɗe ta ba. Ya ce, "Ɗana, irin wannan takarda an taɓa kawo wa mahaifina. Wanda ya kawo ta ya tafi da littafi uku da alkawarin mako biyu. Har mahaifina ya koma ga Allah yana tambayar su."

Ba mu tambayi ko wane ne mutumin ba, ko daga ina ya fito, shi ma Malam bai faɗa ba. Abin da muka gane a ranar shi ne, duk mai bincike yana shiga gari ne da bashin waɗanda suka riga shi a wuyansa. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu zo ɗaukar kome ba, gani kawai mu ke so mu yi, a gabanka." Sai da muka yi zuwa huɗu, muna zama a bayan ɗalibai har a tashi, kafin ya aika jikansa cikin gida ya fito da wata tsohuwar gafaka. A cikinta akwai warƙoƙi a tsakanin tadarishi, ba a ɗinke ba, kowace warƙa da kalmar farkon ta gaba a ƙasanta don kada su rikice. Kwafi ne na Liya'ul Hukkam, littafin da Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo ya wallafa a Kano 'yan shekaru kaɗan bayan hijirar Gudu ta 1804, a kan sha'anin shugabanci da naɗa alƙalai da hakimai da tsayar da adalci. Malam ya yardar mana mu ɗauki hoton warƙar ƙarshe kaɗai da wayarmu.

To, a nan ne muka yi tuntuɓen da muka ambata. Malaman ƙasar nan na da ba su cika rubuta shekara da lambobi ba, sun fi rubuta ta da ramzi, watau haruffan da kowannensu ke tsaye a madadin wani adadi, in an tara su sai shekarar ta fito. Ramzin da ke warƙar haruffa huɗu ne: shin, da ra, da sodi, da ha. Mun riga mun ji a bakin wani abokin karatu cewa a rubuce-rubucen ƙasar nan shin dubu ne. Sauran haruffan kuwa sai muka duba wani jadawali da ke cikin ƙamus bugun ƙasashen Gabas, muka ga ra 200, sodi 90, ha 5. Muka tara, ya ba mu 1295 bayan Hijira, daidai da 1878, zamanin Sarkin Musulmi Mu'azu. Sunan mai kwafar kuwa ya zo daidai da sunan kakan Malam, wanda mutanen garin suka ce ya yi zaman karatu a Kano. Nan take muka ɗinka labari: ga saurayi ya tafi Kano neman ilmi, ya komo da littafi a 1878, daga nan gidan ya zama gidan malamai. Muka gina babi guda cur a kan wannan, muka jawo wasu kwafe-kwafe biyu da muka gani a Kaduna muka jingina su da shi, muka yanke hukunci cewa littattafan Malam Abdullahi ba su isa wannan yanki ba sai a ƙarshe-ƙarshen ƙarnin.

A cikin babin ba mu rubuta haruffan ramzin ba, shekarar kaɗai muka sa, kamar abin da ba ya bukatar hujja. Saboda haka sa'ad da muka gabatar da shi a taron sashe, babu wanda ke da hanyar gano kuskuren, tun da ya ke ba mu ajiye wa kowa abin da zai duba ba. Aka yaba mana, muka fito muna jin kanmu.

Sai ga yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da ma annobar 2020 ta riga ta ci mana kusan shekara. Zaman jira ya ishe mu, sai muka ce bari mu koma wurin Malam mu nemi ya biya mana littafin tun daga farko, ko ba kome ma san abin da mu ke rubutu a kansa. Abin kunya ne mu faɗa, amma gaskiya ce: mun yi shekara biyu muna rubutu a kan yaɗuwar littafin da ba mu taɓa karanta shi daga bango zuwa bango ba. Kowace Asabar da Lahadi mu kan hau mota mu tafi, mu karanta layi, Malam ya fassara, ya warware, wani lokaci ya tsaya a kan kalma guda har a kira magariba.

Ranar da muka kai warƙar ƙarshe, muka ce bari mu burge shi. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ai mun ma lissafa shekarar da kakanka ya gama wannan kwafi, 1295 ce." Ya ɗago kai ya dube mu, ya ce mu sake faɗa. Muka sake. Ya ce, "Da wane hisabi?" Muka gaya masa yadda muka yi. Sai ya yi murmushi, ya shiga ƙirga wa da yatsunsa jerin da yaran makarantar allo na da su kan haddace: aiƙasha, bakara, jalasa, damata, hanasa, wasakha. Ya tsaya a nan ya ce, "Wasakha: wau shida, sodi sittin, kha ɗari shida. Sodi a wurinmu sittin ne, ɗana. Lodi ne casa'in. Ka ɗauko kai daga Yamma, ka ɗauko gangar jiki daga Gabas, ka haɗa, ka ce ka sami mutum."

Bayanin abin shi ne, lissafin haruffa iri biyu ne. Akwai na mutanen Gabas, watau Masar da Sham da Hijaz, akwai kuma na mutanen Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa da Barno da Tumbuktu suka gada. Sun dace a haruffa 22, sun saɓa a 6. A Magrib sodi 60 ne, lodi 90, sin 300, zadi 800, gain 900, shin 1000. A Gabas kuwa sodi 90 ne, lodi 800, sin 60, zadi 900, gain 1000, shin 300. Da mun bi na Gabas gaba ɗaya, da mun sami adadin da kowa zai ga ba shi yiwuwa, mu farga. Rabin sani ne ya kā da mu. Shekarar gaskiya ita ce 1265, wadda mafi yawanta ya faɗo cikin 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kimanin shekara 20 kacal bayan rasuwar mawallafin. Mai kwafar kuma ba kakan Malam ba ne, kakan kakansa ne, wanda aka sa wa na bayan sunansa bisa al'adarmu ta mayar da suna. Malam ya ce, "Kun zo gidanmu da alƙalami kun share mana kakanni biyu."

Jama'a, a motar komowa ne muka gamu da jarrabawar da ta fi ta jami'a wuya. Babin nan ya riga ya wuce taro, an amince da shi. Gafakar tana cikin ɗakin wani dattijo a garin da mai jarrabawa na waje ba zai taɓa zuwa ba. Na'urar da a ke sa kundi a ciki don gano satar rubutu ba ta san sodi ba, ba ta san lodi ba. In muka yi shiru, babu mahalukin da zai sani. In muka yi magana kuwa, babi guda ya rushe, hukuncin da muka yanke ya juye, sauran babi biyu sai an taɓa su, ga wata shekarar rajista, ga uwargida tana tambayar yaushe wannan karatu zai ƙare, ga ƙarin girma a wurin aiki da ke jiran takardar. Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi mako biyu zuciya tana raya mana cewa shekara 30 a cikin tarihin ƙarni guda ba wani abu ba ne.

Abin da ya hana mu barci shi ne tunanin inda kundin zai tafi. Za a ajiye shi a kan kanta a ɗakin karatu, yanzu ma har a intanet a ke sa su. Wata rana wani ɗalibi zai ɗauko, ya ga 1878, ya kwafa ya ambace mu. Wani ya kwafa daga gare shi. Kafin a jima kuskuren ya yi isnadi, ya zama abin da kowa ya sani, alhali asalinsa gaggawar mutum guda ce da jadawalin da ba na ƙasarsa ba. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tantance wa ya ji daga wa, kuma yaya ƙarfin kiyayewarsa ya ke, domin sun san labari in ya bar bakin mai shi ba ya komowa. Mu da muka taso a cikin wannan al'ada, ba mu da uzurin da za mu sa hannu a kan abin da muka san ba haka ya ke ba. Ban da wannan, Malam ya sani, ya kuma san mun sani.

Da aka koma karatu muka tafi ofishin malamin da ke duba mu, muka zayyana masa kome. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yau ka fara bincike. Je ka sake duba kowane ramzi da ka taɓa lissafawa, ka rubuta haruffan a cikin kundin yadda su ke, ka sa hoton warƙar a rataye, don wanda ya fi ka sani ya sami abin da zai kama ka da shi." Muka koma Kaduna muka sake bin takardun ɗaya bayan ɗaya, muka sami wani kuskuren irin wannan a wuri guda. Gyaran ya ci mana wata 7. Hukuncin kundin ya koma kishiyar na farko, watau littattafan sun isa wannan yanki da wuri, tun almajiran mawallafin na raye. Wannan sakamako ya fi na farko ƙarfi, domin yana da ƙafafun tsayawa.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mana a rai sa'ad da muka zo jera manazarta. Bisa tsarin da aka saba, littattafan da aka buga su ke zuwa da sunayen mawallafansu, mutanen da aka yi hira da su kuwa a kan jera su a wani shafi dabam, da shekarunsu da sana'arsu, a matsayin masu ba da labari. Nan ne gurbin Malam ya faɗa, tsakanin wani tsohon direba da wani mai unguwa. Mutumin da ya biya mana littafin baki ɗaya, ya kuma ceci kundin daga ɓata, a ce shi mai ba da labari ne kawai? A tsarin zaure, wanda ya karantar da kai littafi shi ne shaihinka a wannan littafi, sunansa za ka ambata in an tambaye ka daga wa ka karɓa, kamar yadda Malam Abdullahi da kansa ya tsara sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu a cikin Ida'un Nusukhi. Da izinin mai duba mu, muka rubuta a cikin babin kansa, a fili, cewa gyaran wannan shekara daga wurin Malam muka same shi, a rana kaza, a zaurensa.

Mun kare kundin a 2023. Mai jarrabawa na waje ya fi daɗewa a kan shafin ramzin nan fiye da kowane shafi, ya ce mu karanta masa haruffan mu tara a gabansa, muka yi. Bayan an ɗaure kundin da bango, muka kai wa Malam kwafi guda. Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ce, "Madalla. To, me ka ce a ciki?" Da Turanci aka rubuta shi, kamar yadda a ke yi a fanninmu, ko da ya ke a sassan Hausa da na Larabci ana rubuta kundi da waɗannan harsuna. Muka zauna yini biyu muna mayar masa da shi Hausa da baki, ɗalibansa na saurare. A nan muka ga cewa shafuka da yawa da muka cika da manyan kalmomi, in aka ce a faɗe su da Hausa a gaban dattijo, ba su wuce jimla biyu ba. Daga baya muka rubuta taƙaitawa ta shafi 12 da Hausar boko, wani ɗalibin Malam ya mayar da ita ajami, aka sa ta cikin gafakar tare da littafin.

Saboda haka, ga ƙannenmu masu tambaya, amsarmu ita ce ku tafi, amma ku san abin da za ku je yi. In takarda kawai ku ke so don ƙarin girma, za ku same ta, sai dai za ku sha wahalar banza. Ku zaɓi tambaya ƙarama wadda ƙarfinku da aljihunku za su iya kaiwa ƙarshenta, wadda kuma amsarta ke kusa da ku, domin amfanin jami'ar da ke cikin yankinku ke nan: abin da wani zai hau jirgi daga London ko Alƙahira ya zo nema, ku kuɗin mota ne ya raba ku da shi. Ku koyi harshen da takardunku ke magana da shi kafin ku yanke musu hukunci. Ku ajiye hujjarku a fili inda za a iya kama ku. Kada ku karɓi aron takardar kowa ku fita da ita daga gidansa, hoto ya wadatar, shi ma da izini. In kun gama, ku koma ku gaya wa mutanen abin da kuka samu, da harshen da su ke ji.

Ga iyayenmu masu riƙe da gafakoki kuma, muna roƙo da ladabi. A gidan Malam mun ga wani tarin takardu da gara ta mayar gari, da wani da ɗigar ɗaki ta manne warƙoƙinsa suka zama kamar tubali. Mun kuma ji labarin gidajen da aka raba littafi guda tsakanin magada, kowa ya tafi da 'yan warƙoƙi, ya zama babu mai littafi a cikinsu. A ɗaga takardu daga ƙasa, a nisanta su da danshi, a riƙa buɗe su ana shan iska, a kuma yarda 'ya'yan gida masu waya su ɗauki hotonsu shafi-shafi a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Jami'o'inmu kuwa, da za su riƙa gayyatar irin su Malam su zauna da ɗaliban bincike ko da sau ɗaya a zango, su koya musu hisabi da karatun hannun magabata, da an rage irin tuntuɓen da muka yi.

Har yanzu mu kan je garin in an yi hutu. Mun gama Liya'ul Hukkam, mun shiga wani littafin, muna zaune a sahun baya inda muka fara. Allah ya saka wa malamanmu na zaure da na jami'a da alheri, ya ji ƙan wanda ya kwafi littafin nan a 1265 ya roƙi addu'ar mai karatu, ya kuma ba mu ikon riƙon amanar abin da muka sani, amin.